Baƙon da aka hana wa masauki

Saura kwana goma sha biyu a fara duban watan azumi muka taru a ɗan ofishin makarantarmu da ke Adabraka, bayan sallar la'asar, mu biyar daga cikin almajiran marigayi Malam. Aikin da ya tara mu bai kai a tara mutum biyar ba. Kowace shekara idan Sha'aban ya raba, mukan ciro baƙin rumbun ajiyar nan daga durowa, mu jona shi a kwamfuta, mu zaɓi tafsirin sura guda daga cikin karatun Malam, mu zuba wa Hajiya a katin ƙwaƙwalwa ta sa a 'yar rediyonta. Bana Suratu Yusuf ta ce tana so. Zuwan namu dai na shan shayi ne da hira, da jin muryar Malam ta minti biyu kafin a watse.

Aka jona. 'Yar fitilar rumbun ta kama, muka ji yana gurnani a hankali kamar kyanwa. Muka zuba wa allon kwamfuta ido muna jiran ɗan hoton da ya saba fitowa a gefen hagu ɗauke da sunan TAFSIR. Bai fito ba. Aka cire, aka hura, aka mayar. Aka kashe kwamfuta aka kunna. Babbanmu, wanda duk muke kira Alhaji, ya ce a juya bakin wayar, aka ce masa ai ta fuska ɗaya take shiga. Shayi ya huce a kofuna. Har aka kira magariba babu wanda ya furta abin da kowa ke tunani.

Wanda bai san abin da ke cikin wannan ƙarfe ba zai yi mamakin yadda dattawa biyar suka rasa bakin magana a kan abin da bai wuce tafin hannu ba. Malam ya yi shekaru fiye da talatin yana tafsiri a masallacin unguwa, kuma tun cikin shekarun 1980 akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da ke ajiye rakoda a gabansa kowane Ramadan. Kaset-kaset suka taru har suka cika adaka uku. A 2013 da 2014 matasanmu suka zauna suka juye su ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta, a lokacin da dumso ke gallaza wa kowa a Ankara. Aikin ba shi da gajeriyar hanya, kaset na minti casa'in sai ya ci minti casa'in, idan kuma wuta ta tafi a tsakiya sai a koma farko. Suka haɗa da ɗaukar hoton takardun Malam na ajami, da wasiƙun da yake musanya da malaman Kumasi da Tamale. Duk aka zuba a wannan rumbu, aka mayar da kaset da takardu cikin adakokinsu a ƙarƙashin gado, muna ganin yanzu muna da abu biyu.

Sai daren Laraba, 3 ga Yunin 2015. Babu mutumin Adabraka da ke bukatar a tuna masa da wannan dare: ruwan sama da bai tsagaita ba, kogin Odaw da ya tumbatsa, gobarar gidan mai a kusa da shatale-talen Kwame Nkrumah, da rayuka fiye da 150 da suka salwanta. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri. A gefen wannan babban rashi, namu ƙarami ne, shi ya sa muka daɗe ba ma faɗarsa a bainar jama'a. Ruwa ya shiga ɗakin Malam har ya haura gado. Da muka buɗe adakokin bayan kwana biyu, zaren kaset ya manne da laka, takardun kuwa sun koma farare da dabbare-dabbaren baƙi. Tawadarmu ta gawayi da ƙaro ce, an yi ta ne domin ta wanku daga allo, ta kuwa wanku. Rumbun ya tsira ne kawai saboda wani yaronmu ya tafi da shi Nima a wannan makon don ya kwafa wa wani. Malam ya rasu bayan shekara biyu. Daga ranar ambaliyar zuwa wannan la'asar, shekara goma da ɗoriya, kwafi ɗaya tak muke da shi, kuma dukkanmu mun san haka. Kowace shekara sai wani ya ce ya kamata a sayi na biyu, kowa ya ce gaskiya ne, a sha shayi a tashi.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika faɗa ba. Hausar da ke cikin rumbun nan ba ita ce muke yi a titi yau ba. Malam yana bambanta ƙ da k, yana ba mace "ta" ya ba namiji "ya", yana jawo karin magana da jikokinmu ba su taɓa ji ba. Mu kuwa a zangon Ankara harshenmu ya sha ruwan Ga da Tuwi da Turanci, har 'yan'uwanmu na Kano da Maraɗi sukan yi murmushi idan mun buɗe baki. Ba ma jin kunyar Hausarmu, ita ce ta haɗa Bazabarme da Bakotokoli da Badagombe a layin wake-da-shinkafa guda. Amma idan yaro ya tambaye mu yadda kakanni suke magana, muryar Malam ce hujjarmu, kuma tana cikin ƙarfen da ya ƙi fitowa a allo.

A daren ba mu gaya wa Hajiya komai ba. Ɗayanmu ya jefa tambaya a zauren WhatsApp na unguwa, shawarwari suka yi ta zuba kamar ruwan Yuni. Wani ya ce ƙwayar cuta ce. Wani ya ce a sa rumbun a firiza ya kwana. Wani ya ce a kwance murfinsa a duba ciki, wanda da mun yi da ƙura ta gama da faifan. Mafi yawa suka ce a yi masa fomat zai dawo garau, ba su tsaya sun tambaya ba ko akwai abin da ake so a ciki, alhali fomat share rumbu ne a mayar da shi fanko. Wasu daga cikinmu suka ɗora laifin a kan sabuwar manhajar da ke kwamfutar. Kwamfutar ta hannu ce, irin waɗanda ake saukewa a tashar Tema, kuma da aka daina sabunta Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ba ta da ƙarfin ɗaukar na 11, sai aka sa mata Ubuntu 24.04, ɗaya daga cikin 'ya'yan Linux da ake samu kyauta. Abin da aka saba, baƙo shi ne ɓarawo idan an yi sata. Aka kawo shawarar a kai rumbun layin Tip Toe a Sakul, inda babu wayar da ba a gyarawa. Alhaji ya ce amanar Malam ba za ta kwana a shagon kowa ba, a kira wadda ta sa manhajar ta zo ta duba a gabanmu.

Wadda ta sa manhajar jikar Malam ce, 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ta koyi aikin a cibiyar fasahar sadarwa ta Kofi Annan da ke Rij. Ta zo washegari da yamma daga wurin aiki, ta durƙusa ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja kujera. Ba ta taɓa rumbun ba sai da ta yi mana bayani, rabi da Hausa rabi da Turanci, muka yi ta taya ta nemo kalmomi. Ta ce ɗan hoton da muke jira a allo shi ne mataki na ƙarshe cikin uku. Da farko sai kwamfuta ta ji cewa an jona wani abu. Sannan ta gane cewa rumbu ne, ta ga girmansa da yadda aka raba shi. Sai a ƙarshe ta buɗe masa wuri a cikin tsarin fayilolinta, inda mutum zai shiga ya ga abin da ke ciki. Wannan na ukun shi ne kwamfuta ke yi da kanta ba tare da an ce mata ba, kuma idan bai faru ba, ba lallai ne rumbun ya mutu ba, yana yiwuwa ya maƙale a ɗaya daga cikin matakan.

Alhaji ya saurara, sannan ya ce, "Ashe zango ne. Baƙo ya yi sallama, a gane ko ɗan wane ne, sannan a ba shi masauki."

Tun daga nan muka daina neman wata kalma, muka riƙe masauki. Ba mu kuwa yi aron abin da ba namu ba. Kalmar zango kanta wurin saukar ayari take nufi, kuma unguwanninmu duk a kan wannan aiki aka kafa su. Fataken goro da na shanu da ke gangarowa daga arewa ba otal suke nema ba, maigida suke nema, wanda zai ba su ɗaki, ya adana musu kuɗi, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu idan an yi rigima. Haka Sabon Zango ya tashi a hannun Malam Baƙo a farkon ƙarni na 20, haka Nima ta tashi a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa. Adabraka ma, manyanmu sun ce daga albarka sunan ya fito, kalmar da 'yan kasuwarmu ke faɗa idan tayi bai kai ba. Maigida na gari kuwa ba kowa yake buɗe wa ɗaki ido rufe ba. Idan baƙo ya iso da kaya a kwance, alamar an taɓa su a hanya, sai ya tsayar da shi a zaure har a ƙirga a gaban shaidu, don kada gobe a ce a gidansa aka yi ɓarna. Wannan tsayarwa ce muka ci karo da ita daga baya, amma da sauran tafiya kafin nan.

Ta buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ta rubuta lsusb. Jeri ya fito na duk abin da ke jone: madannai, linzami, da wasu abubuwan cikin gida. Ta jona rumbun da wayar da muka yi amfani da ita jiya, fitila ta kama, gurnani ya tashi, ta sake rubuta lsusb. Jerin bai ƙaru da layi ko ɗaya ba. Wato baƙon ko sallamarsa ba a ji ba. Ta zare wayar ta ɗaga sama.

"Baba, wannan wayar ta wa ce?"

Ɗayanmu ya ce tasa ce, ta cajin tsohuwar salularsa, ya ga ta shiga sai ya ɗauka daidai ne, don ta asalin ba a gan ta a durowa ba. Ta nuna mana bakin rumbun: faffaɗa ne, mai ɗaki biyu, kuma wayar salula tana shiga ɗaki guda ta bar ɗayan. Da wayar kirki ce da ta yi aiki a hakan, ko da a hankali. Amma wayar USB ta gari zare huɗu ne a cikinta, biyu na wuta, biyu na saƙo, kuma wasu daga cikin masu arahar nan da ake tallar su a bakin titi na wutar kawai aka sa musu. Rumbu zai sami abinci ya kunna fitila, amma ba shi da harshen da zai yi magana. Kwana guda muka yi cikin zullumi saboda zare biyu da babu. Aka bazama nema, aka sami wayar asali a jakar wani malamin makaranta, cikin rasitai da carbi.

Murna ba ta daɗe ba. Da ta jona ta a kafar gaba, sai rumbun ya fara wani sauti, ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango. Ta fizge shi nan take, abin da ya sa gabanmu ya faɗi fiye da jiya. Ta ce wuta ce ba ta ishe shi ba. Rumbun irin wannan faifai ne a cikinsa da ke juyawa, kuma lokacin tashi ya fi jan wuta. Tsohuwar kafar USB 2.0 miliyamfa 500 take bayarwa, ta 3.0 kuwa, wadda galibi ake yi wa shuɗin harshe, 900. Kafofin gaban kwamfutarmu tsofaffi ne, da siraran wayoyi aka jawo su daga ciki, ga ƙurar hunturu ta cika su, ga tsatsar iskar teku da ba ta barin ƙarfe lafiya a garin nan. Ta sa aka juya kwamfutar, ta jona a shuɗiyar kafa ta baya. Sautin ya tsaya, gurnanin ya daidaita, lsusb ya ƙaru da layi guda. An ji sallama.

Ta rubuta lsblk. A ƙarƙashin rumbun kwamfutar na ciki sai ga sdb, da ɗansa sdb1, da girmansa 931.5G. Alhaji ya ce shi ya san gig dubu aka saya, ina saba'in suka tafi, ko su ne suka lalace? Ta yi dariya ta ce mudu ne ya bambanta: masu sayarwa da dubu-dubu suke awo, kwamfuta kuma da 1024, hatsin bai ragu ba. An gane baƙo ke nan, an san ɗan wane ne. Amma gurbin da ake rubuta masaukinsa fanko ne, hoton kuma bai fito ba. A Ubuntu masaukin yakan kasance a cikin /media, ƙarƙashin sunan mai kwamfuta, sannan sunan rumbun, kuma akwai wani ɗan aike a cikin manhajar mai suna udisks da ke shirya shi. Ta duba ko wani ya kashe ba da masauki na kai tsaye a saituna, ta ga a kunne yake. Ta kuma gaya mana wani abu da ba mu sani ba, cewa idan allo yana kulle kwamfutar ba ta ba kowane rumbu masauki sai mai ita ya buɗe, don kada wani ya zo a bayan ido. Wannan ma ba shi ne namu ba. Ta gwada buɗe shi da hannu, sai wani dogon saƙon kuskure ya fito wanda bai faɗi komai a fili ba.

Sai ta koma wurin da ake samun gaskiyar magana, littafin da kwamfuta ke rubuta duk abin da ya same ta, ta rubuta sudo dmesg. A layukan ƙarshe ta nuna mana da yatsa: volume is dirty. Wai rumbun yana da dauɗa.

Wannan dauɗa ba ta ƙura ba ce. Rumbunmu da tsarin NTFS aka tsara shi, na gidan Windows, kuma Linux tana karanta shi ta hanyar wani tafinta mai suna ntfs3 da ya shigo a 2021. Duk lokacin da aka fara rubutu a rumbun, sai a ɗaga wata 'yar tuta a cikinsa mai nufin ana kan aiki. Idan aka gama aka sallame shi yadda ya kamata, sai a sauke tutar. Idan kuwa aka fizge shi, ko wuta ta ɗauke a tsakiya, tutar na nan a ɗage, kuma duk sanda aka sake kawo shi, tafintan zai gan ta ya ce a'a: wannan an katse masa aiki, mai yiwuwa littafin da ke nuna inda kowane fayil yake bai cika ba, idan na buɗe na ci gaba da rubutu zan iya taka wani abu. Ga baƙo da kaya a kwance, ga maigida ya tsayar da shi a zaure. Abin da muka kwana muna zagi, shi ne ya tsare mana amanar.

Nan ɗaya daga cikinmu ya sunkuyar da kai. Ya ce a watan Disamba yana cikin zuba hotunan walimar saukar Alƙur'ani a rumbun sai aka ɗauke wuta, ya jira bai ga ta dawo ba, ya zare ya mayar durowa ya tafi gida. Babu wanda ya ce masa komai, domin babu wanda bai taɓa yin irinsa ba.

Wani ƙaninmu da ke ta latsa salula ya ce ga magani a intanet, umarni guda, ntfsfix -d, a cikin daƙiƙa ɗaya zai sauke tutar. Ta ce gaskiya ne zai sauke, kuma da rumbun finafinai ne da tuni ta yi. "Amma Kawu, sauke tuta daban, duba kaya daban. Rumbun nan ya haura shekara goma, ɗazu kuma kun ji yana ƙas-ƙas. Ba zan bari a rubuta ko harafi ɗaya a kansa ba sai mun kwafe shi." Ta ƙi ma a jona shi a laftof mai Windows, domin ita ma tana iya fara gyara da kanta. A wannan daren aka yi karo-karon da aka yi shekara goma ana ɗagawa, kuɗin suka haɗu kafin isha'i, da safe aka je Sakul aka sayo sabon rumbu mai girman tsohon.

Kwafin da ta yi ba irin namu ba ne na jan fayil daga nan zuwa can, wanda ba ya yiwuwa sai an ba da masauki. Ta yi amfani da ddrescue, wadda ke kwashe rumbu gaba ɗayansa tubali bayan tubali, ba ruwanta da abin da ke ciki. Idan ta tarar da wuri mai wuya sai ta tsallake ta kwashe masu sauƙi tukuna, sannan ta dawo ta lallaɓa. Tana kuma ajiye taswirar inda ta tsaya, ko wuta ta tafi daga nan za ta ɗora, abin da ya sa muka ce wanda ya ƙirƙiro ta kamar ya taɓa zama a Mamobi. Duk da haka muka aro batirin riƙe wuta daga maƙwabcinmu mai shagon buga takardu, muka raba dare biyu-biyu muna gadi. Da asuba lambar ta tsaya a kan 99.99 cikin ɗari. Akwai 'yan wurare da faifan ya riga ya ci, ba za su karantu ba har abada.

A kan sabon rumbun aka yi gyaran. Ta kai shi laftof ɗinta mai Windows ta rubuta chkdsk /f, domin mai gida shi ya san inda ɗakinsa ke yoyo, ya duba littafin fayiloli ya daidaita shi ya sauke tutar. Ta gargaɗe mu kada a jona tsoho da sabo tare, tun da tagwaye ne har lambar shaidarsu guda. Aka dawo ofis, aka jona sabon a kafar baya. Kafin Alhaji ya gama gyara zama, sai ga TAFSIR a gefen hagu. Wani ya yi kabbara. Jikar Malam ta latsa fayil na farko da hannunta ya kai, muryar kakanta ta cika ɗakin yana gyaran murya kafin ta'awwuzi, ita kuma ta tashi ta fita waje na ɗan lokaci.

A zaman da muka yi bayan haka wani ya tuno da Alhaji Umaru na Kete-Karachi, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya tashe shi, ya rasu a 1934. Tsohon garin Karachi yau yana ƙarƙashin tafkin Bolta tun bayan gina madatsar Akosombo, amma rubuce-rubucensa na Larabci da na ajami suna nan, saboda almajiransa sun kwafa da hannu sun watsu da su garuruwa, kuma a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ta bi malamai tana aron takardu tana ɗaukar hotonsu tana mayar wa masu su. Mu da muke da na'urar da ke kwafe shekara talatin a dare ɗaya, mun kasa yin abin da masu alƙalamin kara suka yi. Yanzu dai rumbu uku ne: ɗaya a ofis, ɗaya a bene a Nima inda ruwa ba ya kaiwa, na uku zai tafi Kumasi wurin wani almajirin Malam. Maganar ɗorawa a intanet ba mu daidaita ba. Matasa suna so, Alhaji ya ce Malam yakan ambaci gidaje da sunayensu a addu'a da sulhu, ba a yi wannan don kunnen duniya ba, kuma muna ganin yana da hujja. An bar ta sai bayan salla. Wayar asali an ɗaure ta da zare a jikin rumbun, an kuma liƙa takarda a bango cewa kada a zare sai an latsa alamar sallama an jira fitila ta daina ƙiftawa, domin kwamfuta takan ce ta gama alhali saura tana hannunta ba ta sauke ba.

Wuraren da faifan ya ci sun faɗa a kan fayil uku. Biyu hotuna ne da ake iya karanta rabinsu. Na uku dare na biyu ne na Suratu Yusuf. Malam ya kai wurin ayarin da ya tsaya a bakin rijiya, sai ya ratse kamar yadda ya saba, ya shiga labarin ayarin kakansa daga Kano zuwa Gwanja, yana lissafa zanguna ɗaya bayan ɗaya, har ya zo garin da jakunansu suka mutu suka yi damina. A daidai nan murya ta yanke na kamar daƙiƙa huɗu, ta dawo yana maganar Yendi. Muka saurara sau biyar, babu wanda ya tuna sunan garin.

Ranar jajibirin azumi muka kai wa Hajiya katin. Muka same ta a tabarma tana tsince shinkafa, muka gaisa, muka sa mata a rediyo. Alhaji ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, akwai ɗan wuri a dare na biyu da ya lalace." Ta ce a kai ta wurin. Aka kai, ta karkata kunne, murya ta yanke, ta dawo.

Ba ta ɗago daga kan tiren ba ta ce, "Sansanin Mango. Sau nawa na ji labarin jakunan nan."

Jikarta ta ciro salula ta rubuta. Da muka koma ofis ta buɗe ɗan fayil a gefen na tafsirin, ta sa sunan garin, da mintin da ya yanke, da cewa daga bakin Hajiya aka ji.